Mai Tsaron Janareta

Ni ba likita ba ne.
Aikina a bayan asibiti yake, inda hayaƙi ya dafa bango,
daga ni sai jarkar dizal, sai tsumma,
sai agogon hannu mai tsagaggen gilashi.

Ranar da aka sa dokar kulle, Legas ta haɗiye harshenta.
Shekarata goma sha ɗaya a Yaba,
ban taɓa jin kukan kurciya ba sai a safiyar nan.
Motocin danfo sun kwanta jere kamar shanun da aka ɗaure a turke,
ba kwandastan da ke tsage maƙogwaro yana kiran Oshodi.
Titi ya yi faɗi, har ya ba ni tsoro.

Ƙanena Gambo ya bugo daga kasuwar Mil Sha Biyu.
Kwando arba'in na tumatir, kwana uku a hanya,
yanzu suna zubar da jan ruwa a ƙarƙashin tamfol.
Ya ce, Yaya, wannan ciwon na masu hawa jirgi ne,
mu yunwa ce za ta yi mana sutura.
Ban musa masa ba.
Ban kuma gaya masa abin da nake gani ta taga ba.

Ta taga, na'urar numfashi shida ce, gadaje sun haura talatin.
Nas Yewande ke rabon, fuskarta a bayan takunkumi biyu,
idanunta kaɗai suka rage, su ma sun yi ja.
Na'ura ta huɗu batirinta ya mutu tun bara,
an rubuta takarda, takarda ta tafi ofis ta yi zamanta.
A kan ta huɗun nan aka ɗora Iya Sikiratu,
mai koko da ƙosai ta bakin ƙofa,
wadda ke bi na naira ɗari uku.
Ƙirjinta na tashi, yana sauka,
ba da ikonta ba, da ikon waya,
wayar kuwa ta ratso bango ta zo hannuna.

Daren Laraba, ƙarfe biyu da kwata, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
Nepa ta ɗauke.
Na murɗa makulli. Janareta ya yi tari,
tarin nan dai irin nasu, busasshe,
ya yi shiru.
Iska ce ta shiga bututun mai.
Na ji takun gudu a ciki, na ji Yewande tana ƙirga da Yarbanci,
tana matsa jakar roba da hannu, tana ara wa tsohuwa numfashi.
Na cire bututu na kai baki, na zuƙa.
Dizal ya cika min baki, na tofar, na sake zuƙa.
Ban yi addu'a mai tsawo ba, Ya Hayyu kawai na iya.
Minti huɗu agogona ya ce.
Ni dai na san na tsufa a cikinsu.

Sai ƙarfe ya yi gurnani, fitilu suka buɗe ido.

Ba duka aka tsira ba, kada in yi ƙarya.
Na ga motar da ke fita ta ƙofar baya ba jiniya.
Gambo ya zubar da kwandunansa a kwata,
ya ɓuya a cikin motar albasa ya koma gida,
har yau in na kira, gaisuwa ce kawai.

Bayan sati uku aka turo Iya Sikiratu a keke, ta rame kamar kara,
bututu ya tafi da muryarta.
Ta hango ni, ta ɗago hannu da ƙyar.
Na ɗauka godiya za ta yi, har na fara sunkuyar da kai.
Yatsu uku ta nuna min.

Na laluba aljihu. Ɗari biyu ce a ciki.